Kuɗin Lauya Ya Fi Kuɗin Haƙƙi: Tarihin Ma'aikaci da Kotu a Nijeriya

Yau ina so ne mu ɗan koma baya mu duba tarihi, amma kafin nan bari in faɗa muku abin da ya jawo wannan rubutu, domin kuwa ba haka kawai na tashi na fara tonon tsofaffin dokoki ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekara 11 yana gadi a wani kamfani a nan Ibadan. A shekarar 2023 ɓarayi suka haura katanga da daddare suka kwashe baturan janareto, washegari kuwa aka tara masu gadin dare su huɗu aka ce kowa ya ajiye kakinsa ya kama gabansa. Ba a kai su wurin 'yan sanda ba, ba a ce su ne suka yi satar ba, kora ce kawai ta baki. A lokacin yana bin su albashin wata uku, kowane wata naira 45,000. Babana ya ce in raka shi wurin wani lauya tunda ni ne na yi sakandare, ina jin Turanci da Yarabanci. Lauyan nan, Allah Ya sani, bai cuce mu ba. Ya ɗauki biro ya yi mana lissafi a gabanmu. Ya ce albashin wata uku da na wata ɗaya a madadin sanarwar kora, duka-duka naira 180,000 ke nan. Shi kuma ba zai iya ɗaukar shari'ar a ƙasa da naira 250,000 ba, ban da kuɗin mota na duk ranar da aka zauna, kuma kada mu yi tsammanin a gama cikin shekara ɗaya. Da na fassara wa Kawu sai ya yi shiru, can ya ce, "To ɗan nan, tashi mu tafi. Na bar su da Allah."

Wannan magana ta "na bar su da Allah" na sha jinta a bakin masu gadi da 'yan dako da direbobi da yaran shago tun ina ƙarami. Abin da ya dame ni shi ne, yaya aka yi ƙasar da take da kotu ta musamman domin ma'aikata, amma ma'aikacin da ya fi kowa buƙatarta ba ya iya shiga? Na yi ta tambaya, na yi ta karatu gwargwadon iyawata, kuma abin da na fahimta shi ne: tun zamanin Turawa har yau, ƙaramin ma'aikaci bai taɓa iya sayen lauya shi kaɗai ba. Duk inda ka ga ya yi nasara, to akwai wata jaka ta taro a bayansa.

Zamanin da lauya ya fi zinare wuya

Mu fara da Legas. Ɗan Nijeriya na farko da ya zama lauya shi ne Christopher Sapara Williams, wanda ya kammala a Ingila a 1879, ya kuma fara aiki a Legas a 1888. Daga wannan lokaci har bayan samun 'yancin kai, duk mai son zama cikakken lauya sai ya hau jirgin ruwa ya tafi Ingila ya yi shekaru, domin makarantar horar da lauyoyi ta Nijeriya sai a 1963 ta buɗe a Legas, da ɗalibai 8 kacal. To mai karatu ka duba, mutumin da iyayensa suka kashe dukiya irin wannan, wa zai tsaya wa idan ya dawo? Sai manyan 'yan kasuwa, da kamfanonin Turawa, da gidajen sarauta masu rigimar filaye. Lebura ba ya cikin lissafi.

Ba tsada kaɗai ba ce ma. A 1914, shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa, Gwamna Lugga ya kafa kotunan lardi, ya kuma hana lauyoyi tsayawa a cikinsu. Haka aka zauna har 1933 lokacin da Gwamna Cameron ya rushe su. Kotunan gargajiya da na alƙalai su ma lauya ba ya shiga a wancan zamani. Saboda haka kakanninmu da suka sauko Kudu da goro da shanu sun taso ne a tsarin da mutum yake zuwa gaban alƙali da bakinsa da shaidunsa, ba ya biyan wani ya yi magana a madadinsa. Lauya na farko daga Jihar Arewa gaba ɗaya, wato Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, sai a 1955 ya samu shiga aikin. Kun ga ke nan ba abin mamaki ba ne idan har yau dattijon Bahaushe yana ganin lauya kamar wani baƙon abu na masu kuɗi.

To da me ma'aikatan farko suka ƙwaci haƙƙinsu? Da yawansu. A watan Agusta na 1897 leburorin ma'aikatar ayyuka ta Legas suka ajiye aiki na kwana uku saboda Gwamna McCallum ya taɓa musu lada da lokutan aiki, kuma dole gwamnan ya sassauta. Babu lauya, babu kotu. A 1912 ma'aikatan gwamnati suka kafa ƙungiyarsu ta farko, a 1938 Turawa suka yi dokar da ta amince da ƙungiyoyin ƙwadago, a 1940 kuma ma'aikatan jirgin ƙasa ƙarƙashin Michael Imoudu suka yi rajista. A watan Yuni na 1945 aka shiga yajin aikin gama-gari na kusan wata ɗaya da rabi a kan tsadar rayuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya tsayar da jiragen ƙasa da tashar jiragen ruwa, har sai da gwamnati ta kafa kwamiti aka ƙara musu kuɗi.

Ranar da ma'aikata suka samu manyan lauyoyi

Ranar 18 ga Nuwamba 1949, a mahaƙar kwal ta Iva Valley da ke Enugu, ma'aikata suna cikin rigima da hukumar ma'adinan a kan wasu kuɗaɗe da suke cewa suna bi. Aka turo 'yan sanda su kwashe nakiyoyin fasa dutse daga rumbu, sai Baturen da yake jagorantarsu, F. S. Philip, ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali Fitzgerald, kuma a gaban wannan kwamiti babban lauya H. O. Davies ne ya jagoranci tsaya wa ƙungiyoyin ƙwadago. Wannan Davies shi ne daga baya ya tafi Kenya cikin lauyoyin da suka kare Jomo Kenyatta.

Ku tsaya ku yi tunani a nan. Wane mai haƙar kwal ne zai iya biyan lauya irin wannan daga ladansa na yini? Babu ko ɗaya. Abin da ya kawo shi shi ne ƙungiyoyi da 'yan siyasar kishin ƙasa sun haɗa kai sun mai da maganar ta kowa da kowa. Da mutum ɗaya aka harbe a wani lungu, ko aka kora ba a biya shi ba, da babu wanda zai ji labarinsa.

Mu kuma a Sabo muna da namu tsarin

A daidai wannan zamani, Hausawan Kudu sun bi wata hanya ce daban. An kafa unguwar Sabo ta Ibadan a 1916. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda ake cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi bisa bashi, ba tare da takarda ba, ba tare da kotu ba. Fatake su kawo shanu daga Arewa su sauka a wurin mai gida, mai gida ya ba su masauki da abinci, dillalansa su sayar wa mahautan Yarabawa bashi, shi kuma ya tsaya a matsayin lamuni. Idan rigima ta tashi tsakanin mai gida da yaronsa, ko dillali da baƙo, sai a je gaban Sarkin Hausawa da dattawa da malamai a kashe ta a zaure.

Babana har yau da wannan tsari yake alfahari, kuma yana da gaskiya. Shari'ar zaure ba ta cin ko kwabo, ana gama ta a yini ɗaya, ana yin ta da harshen da kowa yake ji. Amma me ya ba ta ƙarfi? Ba komai ba ne illa cewa mai ƙara da wanda ake ƙara duk a unguwa ɗaya suke kwana, masallaci ɗaya suke salla, kuma arzikin kowannensu ya rataya ne a kan sunansa. Mai gidan da aka sani da cin haƙƙin yaransa, baƙi za su guje shi, kasuwarsa ta mutu. Wannan tsoron shi ne ɗan sandan zaure.

Yanzu fa? Yawancin 'yan uwanmu da suke sauka daga tirela a yau ba wurin mai gidan goro suke aiki ba. Suna gadi a kamfanoni da gidajen mai da rukunin gidaje, suna dako a masana'antu, suna haƙa rami a wuraren gini, suna tuƙa motocin wasu. Bayan mun baro ofishin lauya, Babana ya kai maganar Kawu gaban dattawan unguwa. Suka saurara, suka jajanta, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Alhaji, da ɗan unguwar nan ne ya riƙe masa kuɗi, da kafin la'asar an biya shi. Amma kamfani wa zai aika wa sammaci a cikinmu?" Gaskiya ya faɗa. Manajan kamfani ba ya tsoron a ɓata masa suna a Sabo, domin bai ma san inda zauren yake ba.

Kotun da aka gina domin ƙungiyoyi

Mu koma ga gwamnati. Lokacin yaƙin basasa, a 1968 da 1969, sojoji suka yi dokokin da suka taƙaita yajin aiki suka kuma tilasta sulhu. A 1976 aka yi dokar rigingimun ƙwadago mai lamba 7, wadda ta kafa kwamitin sasanci da kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kotun ta fara zama a 1978. A wannan shekara ce kuma aka narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi aka mai da su 42 ƙarƙashin uwar ƙungiya NLC, aka kuma tsara cewa za a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashin ma'aikaci kai tsaye. Wannan cirewa ita ce ta ba ƙungiyoyin jaka mai nauyi da za su iya riƙe lauya shekara da shekaru.

Sai dai wannan kotu ta 1976 ba a gina ta domin mutum ɗaya ba. Rigimar ƙungiya da kamfani, ko ƙungiya da ƙungiya, ita take saurara, kuma galibi sai Ministan Ƙwadago ne yake tura mata magana. Idan kai kaɗai aka kora, sai dai ka nufi babbar kotun jiha, inda ake aiki da tsohuwar ƙa'idar Ingila ta ubangida da bara. Ƙa'idar kuwa ita ce ubangida yana da ikon sallamarka da dalili ko ba dalili, muddin ya ba ka sanarwa, idan kuma bai bayar ba, abin da za ka samu shi ne albashin kwanakin sanarwar kawai. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta fayyace kwanakin: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. A 1993 Kotun Ƙoli ta ƙara tabbatar da wannan ƙa'ida a shari'ar wani ma'aikaci mai suna Chukwumah da kamfanin Shell, inda bayan ya bi kotuna uku abin da aka ce ya cancanta shi ne albashin wata biyu.

A nan ne asalin matsalar take, jama'a. Ba wai lauyoyi mugaye ba ne. Aikin da lauya zai yi a kan ƙarar mai gadi, na rubutu da kai takardu da zaman jira a kotu, kusan ɗaya ne da wanda zai yi a kan ƙarar manajan banki, amma abin da za a ci a ƙarshe ya bambanta kamar sama da ƙasa. Bugu da ƙari, kotunanmu ba kasafai suke sa wanda ya sha kaye ya biya wa ɗaya ɓangaren cikakken kuɗin lauyansa ba, ɗan abin da ake yankewa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ko ka yi nasara, kana iya fitowa da asara.

Ku dubi waɗanda suka iya jurewa. Bernard Longe, shugaban bankin First Bank, an cire shi a 2002, ya yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta ce cirewar haramtacciya ce a 2010. Shekara takwas ke nan, amma shi mai hali ne. Malamai 49 na Jami'ar Ilori an kore su a 2001 saboda yajin aiki, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mai da su bakin aikinsu, wasunsu ma sun rasu kafin ranar. Su kuma ƙungiyarsu ta ASUU ce ta tsaya musu. Wato ko dai kana da aljihu mai zurfi, ko kana da ƙungiya. Wanda ba shi da ko ɗaya, sai ya bar wa Allah.

Ƙofofin da aka buɗe wa talaka

Ba za a ce gwamnati ba ta yi komai ba. A 1975 aka kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kuma Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, shi ne ya fara shugabantarta. Tana karɓar kuka a kan ma'aikatun gwamnati da kamfanoni, ba ta karɓar kuɗi, ba ta buƙatar lauya, amma ita ba kotu ba ce, bincike take yi ta ba da shawara, kuma ana so a kai kuka kafin shekara ta zagayo. A 1976 kuma, bayan fafutukar wasu lauyoyi irin su Chimezie Ikeazor, aka kafa hukumar ba talakawa lauya kyauta. Da farko manyan laifuka kaɗai take dubawa, daga baya aka faɗaɗa ta, kuma dokar 2011 ta ce wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba ya cancanci taimako. Mafi ƙarancin albashin nan ya tashi daga naira 125 a 1981 zuwa 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024. Matsalarta ita ce lauyoyinta kaɗan ne, gidajen yari kuma cike suke da masu jiran shari'a, don haka can ƙarfinta ya fi tafiya. Jihar Legas ita ma ta buɗe cibiyar sasanci ta kyauta a 1999 da ofishin lauyan talakawa a 2000.

Babban canji ya zo ne a 2006 da aka yi wa Kotun Ma'aikata sabuwar doka, sannan a watan Maris na 2011 aka sa hannu a gyaran tsarin mulki na uku, wanda ya ɗaga ta zuwa matsayin babbar kotu, ya kuma ce duk wata rigimar aiki ita kaɗai za ta saurara. Tun daga nan mutum ɗaya yana iya shigar da ƙara da kansa, kuma kotun tana da ikon duba ko an yi wa ma'aikaci rashin adalci, ba kwanakin sanarwa kaɗai ba. A hukunce-hukuncenta da dama ta ƙi yarda da korar da babu dalili, ta kuma ba da diyyar da ta fi ta da. Wannan ci gaba ne na gaske.

Amma kowane alheri da nasa nauyin. Tunda ita kaɗai ce mai hurumi, ba za ka iya kai maganar albashinka kotun majistare ta kusa da gida ba, sai ka nemi inda reshenta yake, galibi a babban birnin jiha. Mu a Ibadan muna da reshe, amma wanda yake aiki a wani ƙauye mai nisa fa? Sannan ƙa'idojinta sun ce tun ranar shigar da ƙara sai ka kawo bayaninka a rubuce, da rantsuwar shaidunka a rubuce, da duk takardun da za ka dogara da su, kuma da Turanci. Doka ba ta hana mutum ya tsaya wa kansa ba, amma Kawuna da karatun allo kaɗai ya yi, ta ina zai fara? Sai kuma a 2017 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar bankin Skye da wani ma'aikaci mai suna Iwu, cewa ana iya ɗaukaka hukuncin wannan kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ma'ana, kamfani mai lauyan da yake biya duk wata yana iya ja da kai wasu shekarun bayan ka yi nasara. Kotun ta buɗe cibiyar sasanci a 2015 domin rage wannan wahala, amma kafin ka isa can sai ka shigar da ƙara tukuna.

Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ne. Ingila da muka gaji dokar daga wurinta ta kafa ƙananan kotunan ma'aikata tun 1964, waɗanda ake iya zuwa ba lauya. A 2013 gwamnatinsu ta sa kuɗin shigar da ƙara har zuwa fam 1,200, nan take yawan ƙararraki ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku. A watan Yuli na 2017 Kotun Ƙolinsu ta soke kuɗin, ta ce ya toshe wa mutane hanyar shari'a. Wa ya kai gwamnati ƙara? Ƙungiyar ƙwadago ce mai suna UNISON. Ko a can ma jakar taro ce ta yi aikin.

Yadda ta ƙare da Kawu, da abin da ya rage mana

Bayan kamar mako biyu na koma wurin lauyan nan ni kaɗai, na ce, "Barista, babu wani abu da za a iya yi ƙasa da shari'a?" Ya ce akwai, zai rubuta musu wasiƙa a kan takardar ofishinsa a naira 20,000. Ya tambaye ni takardar ɗaukar aiki, babu. Takardar albashi, babu, a hannu ake ba shi. Abin da ya cece mu shi ne katin shaida mai hotonsa da tambarin kamfanin, wanda ya manta bai mayar ba. A nan ne ma muka gano cewa a takarda ba kamfanin ne ya ɗauke shi ba, wani ɗan kwangilar gadi ne, shekara 11 bai sani ba. Wasiƙa ta tafi wurin su biyun. Bayan wata guda aka kira shi aka ba shi albashin wata biyu aka ce ya sa hannu cewa magana ta ƙare. Ya dangwala yatsa, ya sayi buhun masara, ya koma gida. Sauran ukun da aka kora tare da shi ba su samu ko sisi ba, domin babu wanda ya rubuta musu komai.

Saboda haka ga abin da nake roƙon 'yan uwa. Na farko, takarda. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika. Idan an hana ka, to ka nemi a riƙa biyanka ta banki, ka adana katin shaida, ka ɗauki hoton jadawalin aiki da wayarka, ka kuma san ainihin sunan wanda ya ɗauke ka. Na biyu, idan rauni ka ji a wurin aiki, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu kamfani su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, kuma ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba kafin a biya ka, amma ana so ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14, a kuma nemi diyyar cikin shekara ɗaya. Na uku, kafin ka ce ka haƙura, ka gwada ofishin ƙwadago na tarayya da ke jiharka da Hukumar Koke-koke, ka kuma tambayi lauya ko zai yarda a biya shi daga abin da aka ci, domin ƙa'idar aikinsu ta halatta haka a shari'ar da ba ta laifi ba.

Na huɗu kuma shi ne mafi girma a wurina. Muna da asusun gyaran masallaci, muna da na kai gawa, muna da adashin mata, 'yan kasuwar goro da na shanu da na albasa kowa da ƙungiyarsa. Me zai hana masu gadi da 'yan dako da direbobi na kowane zango su yi asusun lauya? A ce mutum 200 su riƙa ba da naira 500 duk wata, naira 100,000 ke nan a wata, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara. Wannan ya isa a yi yarjejeniya da lauya ɗaya, cikin 'ya'yanmu da suka karanta shari'a ko cikin maƙwabtanmu, wanda zai riƙa zama a fadar Sarki ranar Asabar ɗaya a wata, ya duba takardu, ya rubuta wasiƙu, ya kuma kai ƙara ɗaya ko biyu masu ƙarfi kotu domin sauran kamfanoni su ji labari. Ba a ce a rushe shari'ar zaure ba, a'a, a ƙara mata hannun da zai kai inda nata ba ya kaiwa. Masu haƙar kwal na Enugu da malaman Ilori ba su fi mu yawa ba, sun dai fi mu haɗa kuɗi wuri ɗaya ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na kai wannan shawara gaban Babana, ya ce shi ba ya son abin da zai jawo mana baƙin jini a garin mutane, mu baƙi ne, haƙuri ya fi. Na ce masa, "Baba, a nan aka haife ni, a nan aka haife ka, kuma dokar ba ta ce ban da Bahaushe ba." Bai amsa ba, amma ya ce zai taɓa wa dattawa maganar bayan sallar Juma'a. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, idan a zangonku akwai irin wannan tsari, ko an taɓa gwadawa ya rushe, ya sanar da mu yadda aka yi domin mu koya.

Allah Ya ba mu ikon biyan ma'aikaci haƙƙinsa idan mu ne iyayen gida, Ya kuma fitar mana da namu idan mu ne a ƙasa.